Kafin transista: da wane irin bawul aka yi radar a Yaƙin Duniya na Biyu?

Wani ɗalibin injiniyan lantarki ya aiko da wannan tambaya: "Malam, na karanta cewa radar tana cikin abubuwan da suka ceci Ingila a Yaƙin Duniya na Biyu. To amma lokacin ai babu transista. Bawul irin na tsohon akwatin rediyo ne ya yi aikin? Yaya za a yi kwalbar gilashi ta hango jirgin sama daga nisan kilomita 150?"

Ɗan'uwa, bawul ne kuwa, tun daga ranar farko har ranar da aka ajiye makamai. Transista sai a watan Disamba na 1947 ta fara aiki a ɗakin binciken Bell da ke Amurka, fiye da shekara biyu bayan yaƙi ya ƙare. Sai dai ba bawul iri ɗaya ba ne ya kai su ƙarshe. Na rediyo ya raka su wani wuri, daga nan ya cije ya ƙi gaba, dole ta sa aka ƙero wani wanda in an ajiye maka shi a kan tebur ba za ka ce bawul ba ne, don dunƙulen jan ƙarfe ne. Dalilin wannan cijewa shi ne abin da nake so ka fi riƙewa.

Mu fara da abin da radar take buƙata. Tana harba siginar rediyo na ɗan lokaci ƙanƙani, ta yi shiru, ta saurari amsa-kuwwa. Sigina tana gudun kilomita 300,000 a sakan ɗaya, don haka jirgin da ke nisan kilomita 150 amsarsa za ta dawo bayan kashi ɗaya cikin dubu na sakan. In ka auna wannan lokaci ka auna nisa. Wahalar tana wajen ƙarfi. Abin da ka harba yana bazuwa a tafiya, ɗan abin da ya daki jirgin ya sake bazuwa a dawowa. Shi ya sa in kana so ka ninka nisan da kake gani sau biyu, sai ka ninka ƙarfin harbi sau 16. Ke nan a gefe ɗaya kana neman bawul mai fitar da dubban wat, a ɗaya gefen kuma kana neman wanda zai ji sigina mai rauni ƙwarai, kuma su zauna a gida ɗaya ba tare da na farkon ya ƙona na biyun ba.

Shi kansa bawul ba abu ne mai rikitarwa ba. Kwalba ce da aka zuƙe iskar cikinta. A tsakiya akwai katod, ana gasa shi da wuta har ya riƙa fesar da elektiron. Kewaye da shi akwai farantin ƙarfe, anod, mai cajin da ke janyo su. John Ambrose Fleming ya haɗa wannan a Landan a 1904. A 1906 Lee de Forest na Amurka ya saka 'yar raga ta siririyar waya a tsakaninsu, sai ya zama ɗan canjin bolt a kan ragar yana buɗe wa elektiron hanya ko ya tsuke ta. Ƙaramar sigina a raga, babbar sigina a anod. Da wannan bawul mai raga ɗaya, wanda ake kira tirayod, da 'yan'uwansa masu raga biyu da uku, aka yi rediyo, aka yi tarho mai nisa, aka fara talabijin.

Radar ta farko ta Birtaniya daga gidan rediyo ta fito. Ranar 26 ga Fabrairu 1935, Robert Watson-Watt da Arnold Wilkins suka ajiye mota a wani fili kusa da Daventry, inda BBC take da tashar gajeren zango. Aka sa jirgin jefa bam samfurin Heyford ya ratsa ta cikin siginar tashar, suka ga layin da ke fuskar na'urarsu yana tashi yana sauka. Daga wannan gwaji aka gina jerin tashoshin da ake kira Chain Home a gabar gabas da ta kudancin Ingila, kusan 20 kafin yaƙi ya ɓarke a Satumba 1939. Zangonsu tsakanin mita 10 da 13 ne. Duk wanda ya saba murɗa rediyo yana neman mita 16 ko 19 ya san unguwar. Zango mai tsawo haka yana buƙatar eriya mai girma, shi ya sa hasumiyar harbawa ta ƙarfe ta kai mita 110, ta sauraro kuma ta katako mita 73.

Bawul ɗin da ke cikin waɗannan tashoshi, wanda kamfanin Metropolitan-Vickers ya ƙera, yana burge ni har yau. Da ruwa ake sanyaya shi, kuma ba a liƙe yake ba. In zaren wutarsa ya ƙone, sai a kwance shi, a sa sabo, a mayar, famfon zuƙar iska da ke manne da shi ya ci gaba da aiki dare da rana. Tashar tana harba kilowat 350 a bugu ɗaya. Kada adadin ya ruɗe ka, ga lissafinsa. Kowane bugu maikirosakan 20 ne (maikirosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan na sakan), kuma sau 25 ake yi a sakan. In ka tara, na'urar tana aiki kashi ɗaya ne cikin 2,000 na lokacin, saura duk hutu ne. Matsakaicin ƙarfin da ke fita bai wuce wat 175 ba. Wannan dabara ta matsa wa bawul lamba na ƙiftawar ido sannan a bar shi ya huce, ita ce ta ba injiniyoyin lokacin damar tatsar ƙarfin da ya ninka abin da ke rubuce a takardar bawul ɗin sau da yawa.

Chain Home ba ta da kaifin gani. Haska sararin gabanta take yi baki ɗaya, kuma bugu mai tsawon maikirosakan 20 ba ya raba jirage biyu da ke tsakanin kilomita 3 da juna. Ta yi amfani a yaƙin sama na 1940 ne saboda abin da ke bayanta: matan rundunar sojan sama da suka ƙware wajen karanta rawar layin nan, da ɗakin tace rahotanni na Bentley Priory, da layukan tarho zuwa filayen jiragen yaƙi. In kana son hujjar cewa na'ura ita kaɗai ba ta wadatar, dubi Hawai. Safiyar 7 ga Disamba 1941, radar SCR-270 mai aiki da tirayod a kan megahaz 106 (wato kaɗawa miliyan 106 a sakan) ta hango jiragen Japan daga nisan fiye da kilomita 200. Bawul ya yi aikinsa. Hafsan da aka kai wa rahoto ya ɗauka jiragen Amurka ne da ake jira daga Kalifoniya.

Da Jamusawa suka koma kai hari da dare a ƙarshen 1940, sai bukatar ta canza. Da rana ya isa a kai matuƙi kusa da maƙiyi, idonsa ya ƙarasa. Da dare kuwa dole radar ta shiga cikin jirgin kansa. A nan zango ya zama komai. Kaifin siginar da eriya ke harbawa ya dogara ne ga faɗin eriyar idan an gwada shi da tsawon zango. A zangon santimita 10, faranti mai faɗin mita ɗaya zai ba ka sigina mai tsini, wajen digiri 7. In kana son irin wannan tsinin a zangon mita ɗaya da rabi, sai farantin ya kai mita 15. A zangon Chain Home kuwa ya wuce mita 100. Ba hancin jirgin da zai ɗauki wannan. Edward Bowen, masanin radar na Birtaniya, da mutanensa sun yi nasarar sa radar mai zangon mita ɗaya da rabi a jiragen yaƙin dare, amma tunda siginar a baje take, wani sashenta yana dukan ƙasa ya dawo da ƙarfi. Matuƙin da ke tashi a tsayin mita 3,000 ba zai ga maƙiyin da ya fi mita 3,000 nisa ba, amsar ƙasa ta rufe komai. In maƙiyi ya sauko ƙasa-ƙasa, shi ke nan, ya ɓace.

Kowa ya san maganin: a gajarta zango zuwa santimita 10, wato megahaz 3,000. To me ya hana?

Elektiron yana da gudu, amma ba nan take yake isa ba. Ɗauki tazarar milimita ɗaya a cikin bawul, da bolt 250 a kanta. Elektiron zai ci kusan kashi ɗaya cikin uku na nanosakan (nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan) kafin ya haye. A rediyon matsakaicin zango mai megahaz 1, zagaye ɗaya na sigina nanosakan 1,000 ne, don haka wannan jinkiri ba a ko lura da shi. A megahaz 3,000 kuwa zagaye ɗaya kashi ɗaya cikin uku na nanosakan ne. Ka ga sun zo daidai. Raga ta ce wa elektiron ya wuce, kafin ya isa ta riga ta juya ta ce ya koma. Wasu su isa anod a lokacin da ba a son su, wasu su koma su daki katod, ƙarfin ya zama zafi maimakon sigina. Ga kuma ƙafafun bawul ɗin da wayoyin cikinsa, waɗanda a irin wannan sauri su ma sun zama sassan da'ira, suna riƙe caji, suna zubar da sigina.

Hanyar da ta fara zuwa wa kowa ita ce a ƙanƙanta bawul. Kamfanin RCA na Amurka ya fitar da bawul mai lamba 955 a tsakiyar shekarun 1930, ɗan ƙarami mai ƙafafu ta gefe. Western Electric ta yi 316A. GEC ta Ingila ta yi VT90 mai anod na jan ƙarfe a waje don iska ta sanyaya shi, shi ne ya riƙe radar ta mita ɗaya da rabi. Amma tarkon a fili yake: duk lokacin da ka ƙanƙanta bawul don ya yi sauri, ka rage masa jikin da zai zubar da zafi, ƙarfinsa ya faɗi. Sauri da ƙarfi suna jan igiya, radar kuma duka biyun take so. A radar SCR-268 Amurkawa har tirayod 16 suka jera a zobe don su tara ƙarfi. Jamusawa, waɗanda aikin hannunsu ya fi na kowa tsabta a lokacin, sun kai tirayod har megahaz 560, zangon santimita 53, a radar Würzburg ta kamfanin Telefunken, mai faranti na mita 3 da ƙarfin da bai wuce kilowat 10 ba sosai. Lokacin da sojojin laima na Birtaniya suka kwance guda ɗaya a Bruneval da ke gabar Faransa a Fabrairu 1942, injiniyoyin da suka buɗe ta sun yaba ƙirar. Amma kusan iyakar da tirayod mai ƙarfi ya kai ke nan a farkon yaƙi.

Kafin in shiga magnetiron, wato bawul ɗin dunƙulen jan ƙarfen da na ambata a farko, bari in ba wani ƙaramin bawul haƙƙinsa, don ba a cika ambatonsa ba. Bowen yana neman na'urar ƙara ƙarfin sigina mai sauƙin nauyi, sai aka nuna masa kamfanin Pye na Cambridge, wanda ya riga ya ƙera irinta don talabijin a kan megahaz 45. Sirrinta bawul ne mai suna EF50 na kamfanin Philips da ke Eindhoven a Holan. Gindinsa faifan gilashi ne, ƙafafu tara sun fito kai tsaye ta cikinsa, gajeru, an rufe shi da gwangwanin ƙarfe. Gajartar ƙafafun nan ita ce ta sa yake jure sauri. Matsalar ita ce a Holan kawai ake yin sa. Dab da Jamus ta mamaye ƙasar ranar 10 ga Mayu 1940, aka loda bawul 25,000 da gindi 250,000 aka haye da su Ingila. Daga baya Mullard ta ci gaba da ƙera shi a can, Sylvania kuma a Amurka, mai jan gwangwani. Ka buɗe kusan kowace na'urar karɓar radar ta Birtaniya ta lokacin, za ka tarar da su a jere.

A jami'ar Birmingham, ƙarƙashin Mark Oliphant, yawancin masu bincike suna kan kilistiron ne, bawul ɗin da 'yan'uwa biyu Russell da Sigurd Varian suka ƙirƙiro a jami'ar Stanford ta Amurka a 1937. John Randall da Harry Boot suka bi wata hanya dabam. Suka ɗauki dunƙulen jan ƙarfe, suka huda babban rami a tsakiya don katod, suka huda ƙananan ramuka shida kewaye da shi, kowanne da siririyar tsaga da ta haɗa shi da na tsakiya. Dunƙulen shi ne anod. Babu raga ko ɗaya. Suka sa shi tsakanin bakin babban maganaɗisu. Ranar 21 ga Fabrairu 1940 suka kunna, ya ba da wajen wat 400 a zangon santimita 9.8.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Da babu maganaɗisu, elektiron zai miƙe daga katod ya faɗa kan jan ƙarfen. Maganaɗisu yana lanƙwasa masa hanya, sai ya riƙa kewaya katod yana gilmawa ta bakin tsagogin ɗaya bayan ɗaya. Ka tuna yaro yana hura bakin kwalbar lemo. Iskar gilmawa kawai take yi, amma kwalbar ta ɗauki ƙara, kuma girman cikinta ne yake yanke irin muryar da za ta fita. Haka ramukan nan suke ɗaukar kaɗawa, kuma faɗinsu ne yake yanke zango. Da zarar kaɗawar ta fara, sai ta shiga tace elektiron da kanta. Wanda ya zo a daidai lokacin da zai ba ramin ƙarfi, yana bayarwa ya rage gudu, ya matsa waje, ya sake bayarwa a rami na gaba, har ya isa anod. Wanda ya zo a lokacin da zai ƙwaci ƙarfi, nan da nan hanyarsa ta lanƙwashe ya koma katod. Cikin ɗan lokaci gajimaren elektiron ya rabu zuwa 'yan hannuwa masu juyawa, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da kaɗawar ramukan. 'Yar madaukin waya a cikin rami ɗaya ita take ɗebo siginar ta fito da ita.

Duba da kyau ka ga abin da ya faru da matsalarmu. Lokacin da elektiron yake ci a hanya, wanda ya karya tirayod, shi ne yanzu ake dogaro da shi, don ana son tafiyarsa daga rami zuwa rami ta zo daidai da kaɗawa. Da'irar kuma ba waya ba ce, jikin bawul ɗin ne. Zafi kuwa jan ƙarfe mai kauri ne yake shanye shi ya fitar waje. Matsaloli uku, ƙira ɗaya ta kwance su. A ganina babu wata ƙira a tarihin bawul da ta kai wannan kyau.

Adalci ya sa a faɗa cewa ba su ne suka fara tunanin ba. Albert Hull na General Electric ya yi magnetiron tun 1921, Kinjiro Okabe ya kai shi gajeren zango a Japan, Hans Hollmann ya yi rajistar mai ramuka a Jamus, Alekseev da Malyarov na Tarayyar Sobiyet sun buga nasu sakamakon a 1940, Japanawa ma suna da nasu a 1939. Abin da ya bambanta na Ingila shi ne matakin da ya biyo baya. Na Birmingham kayan ɗakin gwaji ne, manne da famfon zuƙar iska da maganaɗisu mai nauyi. Eric Megaw na GEC a Wembley shi ya mai da shi abin da jirgi zai ɗauka: liƙaƙƙe, iska ke sanyaya shi, maganaɗisu na dindindin. Ya kuma sa masa babban katod mai shafen oksaid, bisa samfurin da Maurice Ponte ya kawo daga Faransa a Mayu 1940, makonni kaɗan kafin ƙasarsa ta faɗi. Wannan katod ne yake iya zubo elektiron masu yawa a bugu ɗaya. Kafin bazarar 1940 ta ƙare, abin da tafin hannu zai riƙe yana fitar da fiye da kilowat 10.

Yana da halinsa. Yakan yi tsalle daga wannan zango zuwa wancan ba gaira ba dalili, don ramuka da yawa suna iya kaɗawa ta hanyoyi da yawa. A 1941 James Sayers, shi ma a Birmingham, ya ɗaure sassan anod da waya, yana tsallake ɗaya yana haɗa na gaba. Wannan ɗauri ya tilasta masa tsayawa a kan hanya ɗaya, ƙarfinsa kuma ya ƙaru sosai.

Birtaniya tana da ƙira, ba ta da masana'antun da za su wadatar, ga bama-bamai suna sauka. Sai Henry Tizard ya jagoranci tawaga zuwa Amurka a Satumba 1940, tun Amurka ba ta shiga yaƙi ba. Bowen ne ya riƙo baƙin akwatin ƙarfen da magnetiron mai lamba 12 yake ciki. Ranar 6 ga Oktoba aka gwada shi a ɗakin binciken Bell, ya ba da ƙarfin da ya ninka mafi kyawun abin da Amurkawa suke da shi a wannan zango kusan sau dubu. Da suka ɗauki hotonsa da na'urar ganin ciki, sai suka ga ramuka takwas, alhali zanen da aka kawo shida ya nuna. Sai da Bowen ya tuntuɓi Megaw aka gane cewa an ɗauko sabon samfuri ne ba tare da an sabunta takarda ba. Cikin makonni aka kafa ɗakin binciken radar a jami'ar MIT, wanda ma'aikatansa suka kusa 4,000 kafin ƙarshen yaƙi. A kamfanin Raytheon, Percy Spencer ya ga cewa sassaƙa kowane dunƙule da injin yana cin lokaci da ƙwararrun hannu. Sai ya sa a riƙa buga siraran faifan jan ƙarfe da inji, a jera su, a narka su su haɗe a tanda. Daga 17 a rana aka kai 2,600. Ina ganin wannan mataki bai gaza na Birmingham muhimmanci ba, don magnetiron ɗaya a ɗakin gwaji bai taɓa nutsar da jirgin ruwa ba.

Kuma shi magnetiron harbawa kawai ya iya, ba ya ji. Nan ne masu ba da labari sukan tsaya, alhali rabin aikin yana gaba. A santimita 10 babu bawul ɗin da zai karɓi amsar mai rauni ba tare da hayaniyar cikinsa ta rufe ta ba. Sai aka koma ga abin da aka watsar tun zamanin rediyon farko: ɗan ƙwayar silikon da siririyar wayar tungstin ta taɓa shi. Herbert Skinner ya jagoranci wannan aiki a Ingila. Ƙwayar tana gauraya amsar da wata sigina ta cikin gida, ta sauko da ita zuwa 'yan megahaz inda su EF50 za su iya ɗauka. Siginar cikin gidan kuwa ƙaramin kilistiron ne yake ba da ita, wanda Robert Sutton ya ƙera a 1940, mai rami ɗaya, elektiron su je su dawo ta cikinsa. Neman silikon da jamaniyam masu tsabta don waɗannan ƙwayoyi shi ne ya share fagen transistar da ka tambaya a kanta.

Saura matsalar eriya ɗaya. Faranti guda ne yake harba dubban wat, shi ne kuma yake sauraro bayan maikirosakan ɗaya, ƙwayar silikon kuwa ƙaramin abu yake ƙona ta. Aka magance wannan da wani bawul mai ɗan tururi a ciki, a bakin hanyar na'urar karɓa. Bugu yana fita sai tururin ya kama wuta ya toshe hanyar, bugu yana wucewa ya mutu ya buɗe ta. Ɗaruruwan sau a sakan, babu wani sashe mai motsi. In wannan bawul ya fara tsufa, radar za ta ci gaba da harbawa lafiya amma ganinta yana raguwa a hankali, shi ya sa masu gyara suka fi sa masa ido. Ga kuma mai ba magnetiron bugun dubban bolt na maikirosakan ɗaya, wanda da farko tartsatsin wuta ne ko manyan bawuloli, daga baya wani bawul da ake kira tayaratiron mai haidirojin na Kenneth Germeshausen. A sama can inda iska ta yi ƙaranci irin wannan bolt yana tsallakewa ya yi tartsatsi, har sai da aka riƙa cusa wa akwatunan iska a rufe. Fuskar da mai aiki yake kallo ita ma bawul ce, 'yar'uwar ta talabijin, an shafa mata sinadarin da haskensa ke jinkirin dushewa don hoto ya tsaya har eriya ta zagayo. Radar SCR-584, mai bin jirgi da kanta tana juya bindigogi, magnetiron ɗaya gare ta, sauran bawuloli fiye da 100.

A fagen yaƙi, jiragen ruwan rakiya na Birtaniya sun fara samun radar ta santimita 10, samfurin 271, a 1941. A Maris 1943 jiragen sama masu sintiri a teku suka samu tasu. Jiragen nutso na Jamus suna da na'urar Metox mai faɗakar da su in radar ta mita ɗaya da rabi ta haska su, amma santimita 10 ba ta jin ta. A watan Mayu na 1943 Jamus ta yi asarar jiragen nutso fiye da 40. Ba radar kaɗai ta yi wannan ba, akwai karya lambobin sirri da ƙarin jiragen rakiya, amma tana cikin manyan dalilai.

An yi gardama mai zafi kan ko a bar magnetiron ya tashi a sararin Jamus cikin radar H2S mai zana taswirar ƙasa, don an gwada tarwatsa shi da nakiya, dunƙulen jan ƙarfen yana tsira. A wajen gwajin wannan radar ne Alan Blumlein, ɗaya daga cikin manyan injiniyoyin lantarki na zamaninsa, ya mutu a haɗarin jirgin Halifax ranar 7 ga Yuni 1942. Aka fara amfani da H2S a ƙarshen Janairu 1943, kuma a daren 2 ga Fabrairu aka harbo jirgin Stirling kusa da Rotterdam, Jamusawa suka tsinci magnetiron. Sun kwaikwaye shi, sun yi na'urar Naxos mai jin siginarsa, amma tasu radar ta santimita 'yan ƙalilan ne suka isa fagen daga kafin 1945. Ba ilimi suka rasa ba. Sun yi sakaci da binciken wannan zango a shekarun da ya kamata, kuma lokacin da suka farga masana'antunsu suna shan wuta.

Akwai wani ƙaramin abu da ba zan tsallake ba. Amurkawa sun sa 'yar radar a hancin harsashin igwa, don ya fashe da kansa in ya kusanci jirgi. A cikinta akwai 'yan bawuloli na gilashi sirara, waɗanda dole su jure bugun fita daga bakin igwa, mai ninka nauyinsu kusan sau 20,000. Sun jure. A bazarar 1944 haɗin wannan harsashi da SCR-584 ya kakkaɓo bama-baman Jamus masu tashi, V-1, masu yawa kafin su isa Landan.

In kana son ganin magnetiron da idonka, ba sai ka je gidan tarihi ba. Yana cikin na'urar ɗumama abinci ta maikirowef, wadda Percy Spencer ɗin nan ya faro a 1945, tana aiki a kan megahaz 2,450, kuma har yanzu radar ta jiragen ruwa da yawa da shi take harbawa. Wanda aka tsaga za ka ga fikafikan jan ƙarfe sun kewaye katod a maimakon ramuka, da zobba biyu da suka haɗa su suna tsallake ɗaya-ɗaya, ɗaurin Sayers ke nan. Amma don Allah kada ka buɗe na'urar kai kaɗai. Kapasitar da ke cikinta tana ɗaukar wajen bolt 2,000, tana iya riƙe caji bayan an zare wuta, kuma tana kisa. Ka nemi malaminku na ɗakin gwaji ko ƙwararren mai gyara ya sauke cajin tukuna, ya ciro maka shi.